Na faɗi jarrabawar CCNA, in sake ko in haƙura?

Tambaya: Malam, na zana jarrabawar CCNA ta kamfanin Cisco, wato ta samun takardar shaidar ƙwarewa a haɗa hanyoyin sadarwar kwamfuta, na faɗi. Tun daga ranar ko littafin ba na son gani. Ina mafita?

Amsa: Ƙanena, sannu. Ɓacin ran dole ne, ka ɗan huta. Dokar Cisco ma sai an jira kwana 5 kafin a sake zama, amma ni ban ba ka shawarar gaggawa ba.

Ɗauko takardar sakamakonka, tana nuna abin da ka ci a kowane sashe. Jarrabawar CCNA, mai lamba 200-301, sashe shida ce, kuma mafi nauyi shi ne na tura saƙo tsakanin hanyoyin sadarwa, kashi 25 cikin 100, inda OSPF yake, wato tsarin da na'urorin rauta ke bi su zaɓi hanyar da saƙo zai bi. In a nan ka yi rauni, kallon bidiyo ba zai fisshe ka ba. Buɗe Packet Tracer, manhajar Cisco ta gwajin haɗa hanyoyin sadarwa a kwamfuta, kyauta ce, ka haɗa rauta uku da hannunka, ka lalata saitin da gangan, sannan ka nemo matsalar. Ka maimaita har yatsunka su saba.

Sai lokaci. Minti 120 ne, kuma tambayar da ka wuce ba ka komawa kanta. Wanda lissafin rarraba adireshin IP (lambar da ake gane kowace na'ura da ita a hanyar sadarwa) ke ci masa minti biyar, tun nan ya shiga uku. Kullum ka yi atisayen lissafin da agogo a gabanka.

Tambayoyin sata da ake yaɗawa a intanet kuwa, ka nisance su. In an kama ka, Cisco na iya soke takardar shaidarka.