Danjar da ke sakin mota ɗaya-ɗaya

Habu, na ga saƙonka tun daren jiya, barci ne ya ci ƙarfina. Ka ce: "Masta, na ga bidiyo a waya, a Amurka sun kafa danja a daidai inda ake hawa babban titi, tana sakin mota ɗaya-ɗaya. Wannan ba ƙara gosulo ba ne? Kuma me ke tsayar da motowe, babban titin nan na Accra zuwa Tema, cak da safe, in ka kai gaba ba hatsari, ba ɗan sanda, ba komai?" Amsar ta biyun ce za ta warware maka ta farkon, don haka da ita zan fara.

Je ka wurin mai injin niƙa na bayan gidanku a unguwar Nima ta Accra, ka kalli hannunsa. Ba ya juye bokitin masara gaba ɗaya a maƙogwaron injin. Tare ta yake yi da tafin hannu, yana saki kaɗan-kaɗan, kunnensa na kan kukan injin. Da ya ji muryar ta yi nauyi sai ya rage. Ran da ya bar wa yaronsa, yaron ya ɗura don a gama da wuri, injin ya shaƙe, bel ya riƙa zamewa, ga masara tuli a sama amma garin da ke zuba a kwano ya ragu. Mata na tsaye suna tsaki. Sauri ya haifi nawa ke nan, kuma titi ma maƙogwaro gare shi.

Ɗauko biro. Direba mai hankali yakan bar kamar sakan 2 tsakaninsa da na gabansa. Awa ɗaya sakan 3,600 ce, ka ga layi guda zai wuce da mota 1,800 a awa. Titi mai kyau sosai yakan kai 2,000 ko ya ɗan haura, daga nan kuma ba ƙari. Da tsakar dare kowa na sheƙa gudu, amma motocin da ke wucewa ba su taka kara sun karya ba. Suna ƙaruwa, adadin masu wucewa na ƙaruwa, har a kai wani matsayi da titi ke ɗaukar iyakar abin da zai iya, ana tafiya sumul. Ƙara 'yan kaɗan a kan wannan, sai gudu ya faɗi, adadin masu wucewa ma ya faɗi. Wani Ba'amurke mai suna Greenshields ya auna dangantakar gudu da yawan motoci tun 1935, har yau da zanensa ake fara koya wa ɗalibai.

Wurin da mutane ba sa lura shi ne motar da ta tsaya ba ta tashi da wuri. Sai direba ya ga na gaba ya motsa, ya taka kuloci, ya sa giya. In tirela ce da ta ɗauko kwantena daga tashar jiragen ruwa ta Tema, sai ka yi salati uku ba ta ja ba. Ƙaddara tazarar nan ta sakan 2 ta koma 2 da rabi: 1,440 ke nan a awa. Mota 360 sun rage a baya, a layi ɗaya kawai. Ba kowacce mita 7, ka sami jerin da ya kai kilomita biyu da rabi. Titin bai ragu da taku ɗaya ba, amma daidai lokacin da aka fi bukatarsa ya koma yana ɗaukar ƙasa da ƙarfinsa, kuma ba ya farfaɗowa sai masu zuwa sun ragu.

Da ka ce ba ka ga komai a gaba ba, ruwa ba ya tsami banza. Akwai wanda ya jawo, ya dai riga ya tafi ne. Wani ya kutso, na bayansa ya taɓa birki, na bayan wannan ya taka fiye da haka, na goma ya tsaya cak. Motoci na yin gaba, tsayuwar na yin baya, kamar kilomita 15 zuwa 20 a awa. A Japan an gwada, aka wallafa a 2008: mota 22 a kan da'ira mai kewayen mita 230, aka ce kowa ya riƙe kilomita 30 a awa. Ba mahaɗa, ba rami, ba mai tallan burodi. Ba a jima ba gosulo ya haifi kansa, yana zagayawa da baya. Wanda ya taka birkin da ya tsayar da kai a Ashaiman, mai yiwuwa yana mahaɗar Tetteh Quarshie, can ƙarshen motowe, yana sayen koko.

To, danjar da ka gani ita ce tafin hannun mai niƙa. Mota goma in suka hawo a dunƙule, dole na kan titi su taka birki. In aka sake su ɗaya bayan ɗaya, kowane sakan 4 zuwa 15 gwargwadon cikar titin, kowacce sai ta sami gurbi ta shige ba wanda ya ji a jikinsa. Kai na kan mashiga ka yi jiran minti biyu ko uku, ka hau titin da ke tafiya. A Chicago aka fara a 1963, kuma ba da fitila ba, ɗan sanda ne ke tsaye yana ɗaga hannu.

Tunanin da ka yi, mutanen Minnesota sun riga ka. Sun yi ta ƙorafi har majalisar jiharsu ta sa aka kashe danjojin mashiga 433 na Minneapolis da St. Paul a shekarar 2000, na tsawon makonni, don a gani da ido. Lokacin tafiya a manyan titunan ya ƙaru da kashi 22 cikin ɗari, hatsari ya ƙaru da kashi 26, motocin da titin ke ɗauka suka ragu da kashi 9. Aka mayar da su, amma aka rage tsawon jiran, don masu ƙorafin ma suna da gaskiyarsu.

Ɓangarenmu na aikin ba baƙo ba ne a wurinka. Wayar nan ce da muke binnewa: a tsaga kwalta da zarto, a hure ƙurar tas, a zagaya waya sau uku, a rufe da narkakkiyar kwalta, a ja jelar zuwa akwatin da ke sarrafa danja. Ƙarfen mota na bi ta kai, akwati ya sani. Ana sa ɗaya a babban titin tana faɗin yadda ya cika, ɗaya a gaban danja, ɗaya bayanta don a tabbatar motar ta wuce, ɗaya kuma can farkon mashiga. Ta ƙarshen nan kada ka raina ta. Da jerin ya kai kanta sai danja ta saki da sauri, in ba haka ba ka kwashe gosulo daga babban titi ka zuba wa unguwa. Kuma in ka bar tsakuwa a cikin tsagar, kamar yadda na kama ka kana shirin yi rannan, damina ɗaya za ta cinye wayar, akwati ya makance.

Ko za ta yi aiki a nan? A ganina, ba yanzu ba. Motowen da Nkrumah ya buɗe a 1965, kilomita 19, an yi shi ne don a shiga ta ƙofofi ƙidayayyu. Yau kowace unguwa da ta tsiro a gefensa ta fasa tata hanyar. Mai niƙa ba ya tare masara in mazubin ya huje ta wuri goma. Ga trotro, motar haya, da ke tsayawa ɗaukar fasinja inda ya ga dama, ga masu bin gefen titi su dawo su kutsa a gaba, ga wuta da ke ɗaukewa. Kuma danjar na bukatar doguwar mashiga, wadda za ta ɗauki masu jira, ta kuma bar wa mota filin da za ta ɗauki gudu daga tsaye kafin ta haɗu da masu tafiya ɗari. A Tetteh Quarshie, kusa da Accra Mall, ina za ka ajiye jerin? Sai dai a kan hanyar Spintex, wadda da ma a wuya take. Babban titin N1 kuwa da aka buɗe a 2012, danjar Lapaz na tsakiyarsa, lissafinsa daban ne. Kada kuma ka kawo mini zancen rumfunan karɓar kuɗin hanya da aka daina a Nuwamban 2021. Su babban titin suke tarewa gaba ɗaya, ba mashiga ba.

Ranar Litinin ba sai ka zo shago da safe ba. Bayan sallar asuba ka hau gadar Ashaiman da littafi, ka zaɓi layi ɗaya na masu zuwa Accra. Ƙirga na minti biyar tun ana gudu, ka ninka sau 12. In ya cushe ka sake ƙirgawa. Tireloli ka rubuta su daban. Ka kawo mini lambobin biyu da azahar, ka biyo ta Kantamanto ka karɓo mana zarton da muka bayar a wasa masa baki.