Filin Tambayoyinku: Bitar marubuta, in biya kuɗin ko in haƙura?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Ina rubuta labarai a waya ina turawa guruf-guruf, mutane na yabawa sosai, amma duk gasar da na shiga ko kusa da na ukun ba na zuwa. Yanzu na ga fosta ana tallan bitar marubuta ta kwana biyu, rijista dubu goma har da satifiket, wai za a koya mana sirrin rubutu. In biya ne ko asarar kuɗi ce? Wata ƙawata ta ce rubutu baiwa ce ba a koyonsa. Daga ƙanwarki a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ƙawar nan taki ta yi tuya ta manta da albasa. Eh baiwa gaskiya ce kuma ba mai zuba miki ita a kwana biyu ko dubu ɗari kika biya, amma ai Abubakar Imam ma da duk basirarsa sai da ya zauna da Rupert East, wani Baturen edita, a Zariya suna bin rubutu ana gyarawa, bayan gasar rubutun ƙagaggun labarai ta 1933 da ta fito da shi. Toh in shi an duba masa aiki, ni da ke su wa?

Kafin ki tura ko sisi ki kira masu shirya bitar ki yi musu tambaya ɗaya tak: za a karanta rubutuNA a wurin, a gyara min? In suka ce a'a lacca ce kawai, manyan baƙi za su yi jawabi a ci abinci a ɗau hoto, toh ki riƙe kuɗinki ki sayi data da littattafai, don abin da za a faɗa a laccar nan kin riga kin san shi, "ku dinga karatu da yawa, ku dinga haƙuri". In kuwa suka ce ki turo labarinki tun kafin ranar, kuma mutanen ba su wuce a zauna a zagaye tebur ɗaya ba, wannan ita ce bita.

Can a Amurka akwai wata tsohuwar bita a Jami'ar Iowa da aka kafa tun 1936, wadda galibin irin wannan zama daga gare ta aka kwaikwayo, kuma abin da aka san ta da shi shi ne ana raba wa kowa labarinki ya karanto daga gida, ranar zama ke kuma ki yi shiru, su yi ta fashin baƙi a kansa kina ji ba ki da bakin kare kanki sai sun gama. Da zafi wallahi. Amma ki duba hikimar, ranar da alƙalin gasa zai karanta labarinki ba kya kusa da shi balle ki ce "a'a ba haka nake nufi ba", abin da ke kan takarda shi kaɗai zai yi magana. 'Yan guruf kuwa masoyanki ne, "wayyo Anti ci gaba dan Allah" kawai za su ce miki, ba mai gaya miki cewa shafi uku na farko duk bayanin kyan yarinya ne da motocin gidansu.

Bari in nuna miki irin gyaran da nake nufi. A ce kin rubuta: "Ta ji baƙin ciki matuƙa da jin labarin auren mijinta, hawaye suka wanke mata kyakkyawar fuskarta." Mai gyara na ƙwarai zai tambaye ki, me take yi lokacin da labarin ya iso ta? Sai ki koma ki rubuta cewa tana tankaɗen garin tuwo, ta ce "Allah ya sanya alheri" ba ta ɗago kai ba, ta ci gaba da kaɗa rariyar alhali garin ya daɗe da ƙarewa. Kin ga ba a ambaci baƙin ciki ba amma mai karatu ya ji shi har cikinsa. Sai kuma ƙa'idojin rubutu da 'yan waya suka raina, "yana" a haɗe, "shi ne" a rabe, ƙ da ɗ da ɓ kowanne da lanƙwasarsa, ga yawan kalmomi, gasa irin Hikayata ta BBC Hausa da aka fara wa mata a 2016 tana da iyakar kalmomin da ta gindaya, ke kuma kin saba da labari mai feji tamanin, dole wani ya koya miki yanka.

Kuma ba lallai sai ta kuɗi ba fa. Ƙungiyar marubuta ta ANA wadda Chinua Achebe ya assasa a 1981 tana da rassa a jihohi, reshen Kano ya daɗe yana zaman karatu inda marubuci ke karanta aikinsa a yi masa sharhi, ki nemi na kusa da ke. A bukukuwan littafi irin KABAFEST na Kaduna da aka fara a 2017 da kuma HIBAF da aka yi domin adabin Hausa akan haɗu da marubuta a tattauna, a Minna kuma akwai cibiyar Hill-Top ta marubuci BM Dzukogi da ke renon yara marubuta. Satifiket ɗin kam, gaskiya ban taɓa ganin editan da ya tambaye shi ba.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni matsalata na fara labari da zafina na kai tsakiya sai kaina ya kulle, yanzu wata da watanni ko layi ɗaya na kasa ƙarawa. Bita za ta iya buɗe min kai? Daga wani ɗanki a Maraɗi.

AMSA: Yauwa ɗana, barka kadai. Za ta iya taimakawa ta hanya ɗaya, a bita ba a jiran sai ilhama ta sauko, malami zai ce ga minti goma sha biyar kowa ya rubuta hirar mai shago da wanda ya zo cin bashi karo na uku, kuma dole ka rubuta ko mai kyau ko marar kyau tunda za ka karanta a gaban mutane. Wannan matsin shi ne maganin, kuma kana iya yi wa kanka shi a gida, ku haɗu ku uku ko huɗu ku sa ranar da kowa zai kawo shafi biyu, wanda bai kawo ba shi zai sayi shayi.

Amma sau da yawa in labari ya tsaya a tsakiya ba kanka ne ya kulle ba, ba ka san abin da tauraron labarin yake so ba ne, ka fara da wani yanayi mai daɗi kawai ka taho. Ajiye labarin ka ɗau takarda daban ka rubuta me mutumin nan yake nema, wa ya tare masa hanya, me zai rasa in bai samu ba. In ka kasa amsa ukun nan toh nan ciwon yake. Sannan ka rage zaman ɗaki, je ka tasha ko kotu ko wurin mai shayi da 'yar takardarka a aljihu ka saurari yadda mutane ke rigima da ciniki, ku da kuke Maraɗi ma Hausarku akwai kalmomin da mu nan ba mu da su, ka zuba su a bakin mutanen labarinka yadda suke, kar ka ce sai ka mai da su Kananci.

Masu tambaya kan tsoron satar labari a wurin bita, na ga saƙonninku sun taru, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.