Haƙorina ya ɓantare ana cikin kullen korona, in je asibiti ko in haƙura?

Tambaya (an aiko ta kuma an amsa ta a watan azumin 2020, lokacin dokar kullen korona a Kano): Assalamu alaikum Likita, barka da shan ruwa. Shekaranjiya wajen buɗa baki na ciji ƙwallon dabino ban sani ba, sai ji nai ƙas, ashe gefen haƙorina na ciki ne ya ɓantare. Ba ya min ciwo sosai, sai dai in na sha ruwan sanyi ya ɗan zuge ni, kuma bakin wajen kaifi gare shi har ya fara yankar min harshe. Maigida ya ce in haƙura sai korona ta wuce tunda asibiti ne matattarar cutar, ni kuma tsoro nake kar ya zama kogo. Don Allah ya zan yi? Daga 'yar uwarku a Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, barkanmu dai, Allah ya sawwaƙe. Maganar maigida akwai ƙanshin gaskiya a ciki. Tun da aka samu mutum na farko mai cutar a Kano ranar 11 ga Afrilu 2020 yawancin ɗakunan haƙori suka rage aiki sai na gaggawa, dalili kuwa shi ne injin nan da muke goge haƙori da shi yana feso ruwa haɗe da miyau ya watsu cikin ɗakin, ga shi mara lafiya ba zai sa takunkumi ba tunda bakin ake aiki a kai, likita kuma fuskarsa na dab da taki. To amma ba kowace ɓantarewa ce ke jira ba, zurfinta ake dubawa.

Haƙori hawa uku ne. Akwai farin ɓawon waje mai tauri wanda ba shi da jijiya, ƙarƙashinsa akwai wani mai ɗan ruwan ɗorawa wanda ya fi shi laushi, can ciki kuma jijiya da hanyoyin jini. In ɓawon ne kawai ya tafi, ko wata uku a yi ba abin da zai faru sai dai muni. Naki tunda yana zuga da ruwan sanyi alama ce an kai hawa na biyu, shi kuwa cike yake da 'yan ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani masu zarcewa har jijiya, ta nan sanyi ke shiga, ta nan ƙwayar cuta ma ke bi in an bar shi a buɗe. Ba na yau-yau ba ne, amma kuma ba na "sai korona ta wuce" ba ne, wa ya san ranar?

Ki lura da zugin nan da kyau. In kin sha sanyi ya tsira ya sake ki nan take, da sauƙi. In kuwa ya ɗauki lokaci bai saki ba, ko ya tashe ki cikin dare haka kawai, ko kin haska da fitilar waya kin ga ɗigon ja a tsakiya, to jijiya ta taɓu kar ki jira. Kumburin kunci ko ƙarƙashin haɓa, zazzaɓi, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiyar miyau ta yi wuya, wannan ko dare ne a tafi asibiti, don kumburin haƙoran ƙasa yana iya gangarawa wuya ya toshe numfashi.

Shawarata, ki fara kiran waya kafin ranar Litinin ko Alhamis da ake buɗe gari, ki karɓi lokaci don kar ki zauna a layi, ki je ke kaɗai ba da yara ba, da takunkuminki har sai kin hau kujera. Ki tambaya ko za a iya yi miki cikon wucin gadi da hannu, akwai wani farin siminti da ake kwaɓawa a liƙe wajen ba tare da an kunna inji ba, aiki ne na 'yan mintuna, cikon dindindin sai gari ya lafa. In kina tari ko zazzaɓi ki faɗa musu tun a waya, kar ki ɓoye.

Kafin nan ki koma tauna ta ɗaya ɓangaren, ruwan buɗa baki a bar shi ya huce daga sanyin ƙanƙara, rake da aya da ƙashin miya a ɗaga musu ƙafa. Ki riƙa kuskure baki da ruwan ɗumi da gishiri bayan shan ruwa da bayan sahur, ki ci gaba da goge wajen a hankali da man goge baki mai fuloraid, wasu sai su daina taɓa wajen gaba ɗaya saboda tsoro, nan datti ke samun gida. Kaifin da ke yankar harshe ki liƙa masa ɗan cingam mara sukari bayan magariba, ki cire kafin ki kwanta. Farasitamol ya isa in ya matsa.

Sai abin da nake roƙon mutanenmu kullum: ban da danna asfirin a jikin dasashi, ƙona shi yake, ban da ruwan batir da fetur da garin taba, ban da kai baki wajen masu cire haƙori a kasuwa. Kanumfari yana ɗan kashe zafi, gaskiya ne, amma ba ya rufe ramin. Ki nuna wa maigida wannan shafin, in ya yarda shi zai kai ki ya jira a waje.