Idan ka yi hasashe, ka faɗi a wasa nawa

Ɗana, saƙonka ya iso tun shekaranjiya, sai yau na samu zama. Ka ce abokanka sun yi maka dariya a majalisa, don ka faɗi ƙungiyar da za ta tsallake zagayen farko na fitar da gwani a gasar NBA ta ƙwallon kwandon Amurka, amma da aka ce "a wasa nawa?" sai ka rasa ta cewa. Kana tambaya ko dole ne mutum ya faɗi adadin, kuma mene ne amfaninsa.

Kada ka ji haushinsu, da gaskiyarsu. A fitar da gwani na NBA ba a yanke hukunci da wasa ɗaya. Ƙungiyoyi takwas ke fitowa daga gabas, takwas daga yamma. Ta ɗaya a teburi ta kara da ta takwas, ta biyu da ta bakwai, haka har tsakiya, kuma wadda ta riga cin wasa huɗu cikin bakwai ita ce ta wuce. To wanda ya ce ta ɗaya za ta doke ta takwas bai faɗi komai ba, ko jaririn goye ya san haka. Adadin ne ke nuna ko mutum ya zauna ya yi tunani. Shi ya sa masu abin suke cewa "Boston a biyar" ko "Denver a shida", su yi shiru.

Kowane adadi da ma'anarsa. Wadda ta fi matsayi a gidanta ake wasa na ɗaya, na biyu, na biyar da na bakwai. Na uku, na huɗu da na shida kuma a gidan ƙaramar. Idan ka ce babbar a huɗu, ka ce za a yi shara ke nan, har tsintsiya 'yan kallo kan zo da ita filin. A biyar, ka bar wa ƙaramar wasa ɗaya na fita kunya a gaban mutanenta, sannan a ƙarasa ta. A shida kuwa, wadda yara suka fi yawan faɗa don tana da daɗi a baki, kana nufin babbar za ta je har gidan mutane ta rufe zancen, ihu na tashi a kanta. Idan kuma ƙaramar ka zaɓa, shida ce adadinta na hankali, don a gida za ta gama. Haka Golden State ta yi wa Dallas a 2007. Dallas ta ci wasa 67 a kakar, Dirk Nowitzki ne gwarzon shekara, Golden State kuma da ƙyar ta shigo da 42. Amma kocinta Don Nelson tsohon kocin Dallas ne, ya san lagonsu, ya zuba gajeru masu gudu suka hana Nowitzki sakat.

A nan ne teburi ke yaudarar mutane. Cikin wasa 82 na kaka, yau kana nan gobe kana can, babu mai lokacin nazarinka. A fitar da gwani kuwa mako biyu za a yi ana fuskantar mutum ɗaya. Koci zai rage 'yan wasansa zuwa bakwai ko takwas, ya nemo wanda bai iya tsaro ba a cikinku, a yi ta kai masa hari har sai an cire shi.

Ni a 1995 na koyi wannan. A kaset muke kallo lokacin, bayan an gama wasan da kwanaki, mu taru a ɗakin wani abokina, a ja kunnen wanda ya riga jin sakamako kada ya buɗe baki. Houston ta Hakeem Olajuwon, ɗan Legas, ta ƙare a ta shida a yamma da wasa 47. Babu zagaye ɗaya da ta fara a gida. Ta fitar da Utah, Phoenix ta sa ta a 3 da 1 ta farfaɗo, sannan ta haɗu da San Antonio ta David Robinson, wanda aka ba kyautar gwarzon shekara. Abin da Hakeem ya yi wa Robinson a ƙarƙashin kwando, juyi hagu, juyi dama, mutum ya tashi sama shi kuma yana ƙasa, har yau idan na tuna sai na yi murmushi. A ƙarshe suka share Orlando ta Shaquille O'Neal da huɗu ba ko ɗaya.

Kafin ka buɗe baki kuma, ka duba lafiyar manyan 'yan wasa. Chicago ce ta ɗaya a gabas a 2012, gwiwar Derrick Rose ta tafi a wasan farko, Philadelphia ta fitar da su. A 2023 Giannis, tauraron Milwaukee, ya faɗi a kan bayansa a wasan farko, Miami da ta shigo a ta takwas ta kori Milwaukee a biyar. Ko kofin da Toronto ta ɗauka a 2019, lokacin Masai Ujiri wanda ya tashi a Zariya yana shugabanta, sai da raunin Kevin Durant da Klay Thompson na abokiyar karawarta Golden State ya taimaka, duk da dai Kawhi Leonard na Toronto ya yi aikinsa.

Sauran al'adar biyu ce. Ana faɗin hasashe kafin a jefa ƙwallon farko, kuma ba a canzawa a tsakiya. A zagayen ƙarshe na 2016 da Cleveland na ce Golden State a biyar, don ta ci 73 a kakar. Ta kai 3 da 1, har na fara karɓar gaisuwa, sai aka dakatar da ɗan wasanta Draymond Green a wasa na biyar, LeBron James da Cleveland suka cinye ukun da suka rage. Wata guda abokaina suna kirana "a biyar", na kuwa amsa. Wuri ɗaya da za ka iya sakin jiki shi ne 3 da 0, don babu ƙungiyar da ta taɓa dawowa daga nan. A 2023 Miami ta sa Boston a 3 da 0, Boston ta farfaɗo har wasa na bakwai, amma ta faɗi a gidanta.

Na ga a ƙarshen saƙonka ka ce wasu cikinku suna sa kuɗi a waya. Wannan caca ce, ka sani, kuma ba na son jin sunanka a ciki. Mu abin da muke sawa shi ne bakinmu, wanda ya faɗi ya sha tsiya.

Ka turo mini zaɓinka na karawa takwas ɗin nan, kowace da adadinta, kafin daren wasan farko. Zan rubuta a littafina kusa da nawa. Kuma wasannin nan da tsakar dare suke zuwa mana, kada in ji an ce ka makara Asuba. Ka gaida mahaifiyarka da ƙannenka.

Kawunka.