Baƙin tabo a ƙyauren maɗaci

Tambaya: Malam, na kankare tsohon fenti daga ƙyauren zaurenmu na maɗaci, sai baƙin tabo ya fito kewaye da ƙusoshi. Samfefa ta kasa cire shi. Daga mai karatu a Ringim.

Amsa: Ɗan'uwa, tsatsar ƙusa ce ta haɗu da ruwan itacen da damina, ta shige ciki. Nemi garin asid ɗin okzalik, wani sinadari mai cire tabon tsatsa, wajen masu kemikal a Kano, ka narka cokali 3 a lita 1 ta ruwan ɗumi, cikin roba, ban da gwangwani. Sa safar hannu, guba ce. Shafe fuskar ƙyauren duka, kada wurin tabon kaɗai ya yi fari fat. In ya bushe, ɗauraye sau uku, ka bar shi kwana 2 a inuwa kafin fanish, don rana tana tanƙwara katako.