Sakamakon allurar maƙoƙo ya nuna Bethesda 4

Hajiya, kin ce an zuƙi ƙarin da ke wuyanki da allura a nan Jos, takarda ta fito da Bethesda 4, kina tambaya ko kansa ce, wato ciwon daji. A'a, ba a tabbatar ba tukuna. Bethesda ma'auni ne da ake jera sakamakon wannan allura a kai, matakansa shida ne: 2 na nufin ba kansa ba ce, 6 kuwa kansa ce. Naki na 4 ya tsaya a tsakani, kuma yawancin masu irinsa in an cire aka duba sai a tarar ba ita ba ce.

Dalili, allurar ƙwayoyin halitta kawai take ɗebowa. Wannan nau'in kuwa ba a gane mugunsa sai an ga ya huda fatar da ta lulluɓe shi ko ya kutsa jijiyar jini, abin da sai an yanka ƙarin an sa a madubin likita ake gani. Shi ya sa maimaita allurar ba ta cika amfani ba, akan cire ɓarin ƙullin maƙoƙo (thyroid) da ƙarin yake ciki ne. Amma kafin tiyata a auna TSH a jini, wato sinadarin da ke nuna yadda ƙullin maƙoƙo ke aiki: in ya yi ƙasa, wataƙila ƙarin mai yawan aiki ne, irinsa da wuya ya zama kansa. In za ki ga likita ki tafi da hoton sikanin wuyan, kada ki bar shi a jaka.