Amsa: In koma Windows 11 ko in zauna a kan 10?

Salam ɗan'uwa, ka ce laftof ɗinka ta hannu ce da ka saya a kasuwar Garwa, RAM (ƙwaƙwalwar aikinta) 4 giga, kana tunanin ɗora mata Windows 11. Ni dai shawarata kar ka yi gaggawa. Fara sauke PC Health Check, manhajar Microsoft mai duba ko kwamfuta za ta ɗauki Windows 11, ka gwada ta, don 11 tana neman TPM 2.0 (na'urar tsaro da ke cikin kwamfuta) da firosesa, in na Intel ne, ƙarni na 8 zuwa sama, kuma yawancin waɗannan tsofaffin HP da Dell da ake kawo mana ba su kai ba. Masu gyara za su ce maka suna iya tursasa ta ta shiga, eh tana shiga, amma da 4 giga wallahi kana buɗe Chrome da Word za ka ji fanka tana ihu ga zafin nan namu.

Gaskiya ne Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, ba wai za ta mutu ba ne, sabunta tsaro ne ya tsaya. In injin ya cika sharaɗi to ƙara RAM zuwa 8, sa SSD (ma'ajiyar fayiloli mai sauri), kwashe fayilolinka a filash tukuna. Kuma kar ka fara ɗora 11 ɗin sai batir ya cika, ka san halin wutarmu, ga data da zai ci fiye da giga 5.